Muhawara: Jarida ta rufe fagen tsokaci, ko ta sa masa edita?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna. A makaranta ana koya mana cewa intanet ta kawo ƙarshen zamanin da jarida ke magana jama'a na saurare kawai, yanzu mai karatu ma yana da baki. Amma da na bibiya sai na ga manyan kafafen labarai suna ta rufe fagen tsokacin da ke ƙasan labaransu. Mujallar Popular Science ta rufe nata a 2013, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi sahu a 2014, gidan rediyon NPR na Amurka kuma a 2016. Tsoron masu karatu ne, ko gajiya ce da zage-zage? Kuma in ni ce ke da ƙaramar jarida, in buɗe ko in rufe?

Mai Karatu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tsoro ne, kada ki bari a yi miki dogon turanci. Ɗan jarida ya saba ya rubuta ya wuce, ba mai ce masa kanzil. Ranar da aka ba mu damar nuna masa kuskurensa a ƙasan labarinsa kowa na gani, sai gyara ya koma "zagi". Na sha gyara wa 'yan jarida suna ko adadi, in dawo in tarar an goge tsokacina, kuskuren kuma yana nan daram.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Malam Mai Karatu, ƙorafinka na da tushe, zan dawo kansa. Amma mu fara da abin da su NPR suka faɗa da bakinsu. A watan Yulin 2016 mutum kusan miliyan 33 ne suka shiga shafinsu. An rubuta tsokaci 491,000. Mutum nawa suka rubuta su? Mutum 19,400 kacal, wato ko kashi ɗaya cikin dubu na masu karatu bai kai ba. Kuma a cikin waɗannan ma, wasu 'yan dubbai ne ke rubuta mafi yawan abin da ake gani. To ka ga abin da ake kira "muryar jama'a" muryar 'yan tsiraru ce da suka mamaye wurin, sauran suka leƙa suka ga hayaniya suka ja jiki.

Popular Science kuwa da wani bincike na jami'ar Wisconsin ta kafa hujja. An ba mutane labari guda kan fasahar nano, wato sarrafa ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani, amma wasu sun karanta shi da tsokaci na ladabi a ƙasa, wasu da na rashin kunya. Waɗanda suka ga na rashin kunya sun fi rarrabuwa kan hatsarin abin, alhali labarin bai canza ko da harafi ba. Wannan shi ne abin da ke tada mini hankali. Wakili ya kwana yana tantance labari, edita ya duba, sannan a bar wani ya zo ƙasa ya karkatar da fahimtar mai karatu da layi biyu.

Duk da haka ban yarda rufewa ce magani ba. Tun farko aka yi kuskure. An buɗe ƙofa an kira baƙi, mai gida kuma ya fice ya bar su. Shafin wasiƙun masu karatu na jaridar takarda bai taɓa rasa edita ba. Ana karanta kowace wasiƙa, a zaɓa, a rage, a buga. Da aka koma intanet sai aka ɗauka wannan aikin ya faɗi, saboda fili ba ya ƙarewa. Filin ne ba ya ƙarewa, haƙurin mai karatu yana ƙarewa.

Mai Tace Tsokaci:
Baba Edita, Allah ya ƙara girma. Bari in faɗi yadda aikin yake daga ciki, don na yi shi a wata kafa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne sa'ar farko ita ce komai. Tsokaci biyar ɗin farko su ke saita wa sauran murya. In mai hankali ya riga kowa, ya yi tambaya ko ya kawo hujja, za ka ga na bayansa suna bin sawunsa. In mai neman faɗa ya riga, to an gama, duk wanda ya zo shi zai mayar wa martani, labarin kuma an manta da shi. Shi ya sa tacewar da ake yi washegari ba ta da wani amfani. Gara a jinkirta buɗe tsokaci har sai akwai mai zama a kai.

Na biyu, ashar ba ita ce mai wuya ba. Wannan ko yaro zai gane ya goge. Mai wuya shi ne wanda ba ya zagi, sai habaici da gugar zana, ko ya zo a siffar mai tambaya yana jefa wa wata ƙabila ko wani addini zargi. Akwai kuma wanda zai liƙe wa wakiliya guda, duk labarin da ta rubuta yana nan yana maganar kamanninta ko aurenta. Kowane tsokaci nasa in ka ɗauke shi shi kaɗai bai karya doka ba. Sai ka jera su ka ga farauta ce.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A 2016 jaridar Guardian ta Birtaniya ta binciki tsokaci miliyan 70 da aka rubuta a shafinta. Kusan miliyan 1.4 ne masu tacewa suka toshe, kashi 2 cikin ɗari ke nan. Amma cikin marubutanta goma da aka fi ci wa mutunci, takwas mata ne, biyun da suka rage maza ne baƙar fata. Goman da aka fi ƙyalewa duk maza ne. Saboda haka in an ce a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama, a sani cewa ba kowa ke biyan farashin ba. Na ga wakiliya mai hazaƙa ta roƙi a daina sa sunanta a labari.

Mai Karatu:
Hajiya, ban ce a bar mai cin mutuncin mata ba, Allah ya kiyaye. Tambayata ita ce wa ke tace mai tacewa? Ke ma'aikaciyar jaridar ce, ita ke biyanki. In na ce labarinku ya karkata wajen gwamnati ko wajen mai ba ku talla, a wane layi za ki sa ni? Ai da sunan "ladabi" ake rufe bakin mai gaskiya.

Tsohon Edita:
Nan kam ka taɓo inda ke ciwo, kuma ba zan kare abokan sana'ata ba. Jaridar da ke goge sukar da aka yi mata ba tacewa take yi ba, ɓoye laifi take yi. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne a rubuta ƙa'idoji a fili, gajeru, da harshen da kowa zai gane, kuma a cikinsu a faɗa ƙarara cewa sukar jarida da aikin wakilanta halal ne, komai zafinta, muddin aikin ake suka. In an cire tsokaci kada ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. A bar alama a wurin cewa an cire, a kuma faɗi ƙa'idar da ya karya. Guardian tana barin irin wannan alamar. Sannan a samu wani na biyu da za a kai wa ƙara, wanda ba shi ya goge ba.

Gyaran kuskure kuwa, irin wanda ka ce ka sha yi, shi ne tsokaci mafi daraja da jarida za ta samu. Kamata ya yi mai tacewa ya miƙa shi ga teburin edita nan take, a gyara labarin, a dawo a yi maka godiya a bainar jama'a. Wanda ya goge naka ya cuci jaridarsa fiye da yadda ya cuce ka.

Barista:
Ku ba ni dama in sako doka, domin 'yarmu ta ce in ita ke da jarida. Amsar ta danganta da ƙasar da kike.

A Amurka akwai sashe na 230 na wata doka ta 1996, wanda ya ce ba za a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a shafinsa ba. Wannan ya ba jaridunsu sarari sosai. Turai ba haka ba ne. A 2006 kafar Delfi ta Estoniya ta buga labari kan wani kamfanin jiragen ruwa, masu karatu suka zo ƙasa suka yi ta zagi da barazana ga mai kamfanin. Tsokacin ya yi kusan mako shida kafin a cire, shi ma sai da lauyoyi suka rubuto. Kotun ƙasar ta umarci Delfi ta biya diyyar da ta yi daidai da Yuro 320. Kuɗin ba komai ba ne, amma Delfi ta kai ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kuma a 2015 ta sha kaye. Labarin kansa babu laifi a cikinsa. Abin da ke ƙasansa ne ya jawo mata.

Mafi ɗaukar hankali shi ne na Ostareliya. A 2021 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa kafafen labarai su ne mawallafan tsokacin da mutane suka rubuta a shafukansu na Facebook. Bayan hukuncin CNN ta hana mutanen Ostareliya ganin shafukanta na Facebook. Don haka mai tunanin ya tsira saboda ya kwashe hayaniyar ya kai dandalin wani, ya sake lissafi.

Ɗalibar Jarida:
Na gode Barista. To ba za a bar wa na'ura ba? Yanzu da ake da ƙirƙirarriyar basira, ina ganin ai ta fi mutum sauri.

Injiniya:
Ta fi sauri, ƙanwata, amma dubi yadda waɗanda suka fi kowa kuɗi suka yi amfani da ita. Kafin 2017 jaridar New York Times tana da masu tacewa kusan 14 da ke karanta tsokaci wajen 11,000 a rana, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya fito. Saboda nauyin aikin, kusan kashi 10 cikin ɗari na labaransu kawai ake buɗe wa tsokaci. A 2016 suka haɗa kai da Jigsaw, ɗan'uwan kamfanin Google, aka horar da manhaja da tsokaci miliyan 16 da mutanensu suka riga suka yanke wa hukunci a tsawon shekaru. Abin da manhajar ke yi shi ne ta ba kowane tsokaci maki, ta jera su, mutum ya duba ya amince da tari guda ko ya tsaya kan masu shakku. Ba su sallami mutanen ba. Sun ba su abin da zai sa su buɗe labarai da yawa.

Ki lura da abu biyu. Manhajar ta koya ne daga hukuncin mutane, don haka jaridar da ba ta taɓa tacewa ba ba ta da abin koyar da ita. Sannan irin waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a harsunan da ke da tarin rubutu a intanet. Ko a Turancin ma an kama su suna ɗaukar jimla marar laifi a matsayin zagi don kawai an ambaci wata al'umma a ciki, tunda a rubutun da suka koya sunan al'ummar yawanci tare da zagi yake zuwa. Ina ga harshen da ba su sani ba? Abin da ya faru a Myanmar ya isa darasi. Kalaman ƙiyayya kan 'yan Rohingya sun yi ta yawo a Facebook lokacin da kamfanin ke da 'yan tsirarun masu duba rubutun harshen ƙasar, kuma a 2018 shi kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Mai Tace Tsokaci:
Injiniya ya gama magana. Habaicin da na ambata, babu manhajar da na gani tana kama shi. Kuma ina roƙon duk mai shirin ɗaukar masu tacewa ya tuna mutane ne. Wuni guda kana karanta ƙiyayya yana taɓa zuciya, ka koma gida kana jin haushin mutanen da ba su yi maka komai ba. A 2020 Facebook ya amince zai biya dala miliyan 52 ga masu tace masa abubuwa a Amurka saboda larurar ƙwaƙwalwa da aikin ya jawo musu. Na jarida bai kai nasu muni ba, amma hanyar guda ce. A riƙa karɓa-karɓa, kada a bar wa sabon ma'aikaci shi kaɗai don an ga shi ne ƙarami.

Mai Karatu:
To ga shawara mai sauƙi. A tilasta wa kowa sa sunansa na gaskiya. Mai zagi ai don ya ɓuya ne.

Barista:
An gwada, Malam. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2007 cewa sai an tantance sunan mutum kafin ya yi tsokaci a manyan shafuka. A 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke ta. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a ga shaidar raguwar munanan kalamai yadda aka yi zato ba, mutane kuma sun koma shafukan ƙasashen waje, ga tauye 'yancin magana.

Mai Tace Tsokaci:
Kuma ka duba Facebook, Yaya. Mutum da sunansa da hotonsa da na 'ya'yansa yana surfa ashar. Wanda dokar suna ke kora shi ne ma'aikacin asibitin da ke son ya ce abin da aka rubuta ba haka yake a ciki ba, ko matar da labarin cin zarafi ya taɓa rayuwarta. Su ne masu abin faɗa, su ne kuma masu abin tsoro. Abin da na ga yana aiki shi ne laƙabi tsayayye. Ka zaɓi sunan da kake so, amma shi za ka riƙe, tarihinka na biye da shi. Mutum yana kishin laƙabin da ya yi shekara yana gina masa mutunci.

Akwai wata dabara da ta burge ni. A 2017 sashen fasaha na NRK, gidan rediyo da talabijin na Norway, ya sa wa wasu labarai 'yan tambayoyi uku kan abin da ke cikin labarin, sai ka amsa daidai kafin ka yi tsokaci. Da yawa daga masu tada ƙura kanun labari kawai suke karantawa. Ko ba komai, daƙiƙun da mutum zai ɗauka yana amsawa suna rage masa zafin kai.

Ɗalibar Jarida:
Anti, duk wannan maganar hana ɓarna ce. Ina maganar gina jama'a? Ko goge zagi shi ke nan?

Tsohon Edita:
Yauwa 'yata, nan nake jira a zo. Goge zagi share fili ne kawai. Jama'a ba ta ginuwa sai ɗan jarida ya sauko ya zauna a ciki. Masu bincike a jami'ar Texas sun gwada wannan da shafin wani gidan talabijin. Inda wakili da kansa ya shiga yana amsa tambayoyi, rashin ladabi ya ragu, mutane kuma sun fi kawo hujja. Dalilin a fili yake. Wanda ya san ana jinsa ba ya buƙatar ɗaga murya.

Kuma a daina rufe labari da "me za ku ce?" Wannan gayyatar hayaniya ce. A tambayi abin da mai karatu ya sani wanda wakili bai sani ba. In labarin kan ƙarancin magani ne, a ce masu aikin jinya da masu harhaɗa magani su faɗi abin da suke gani. Kafar De Correspondent ta Holan, wadda aka kafa a 2013 da kuɗin masu karatu, a kan wannan ta ginu: wakili yana sanar da abin da yake bincike tun kafin ya rubuta, membobi masu sanin fannin suna ba shi haske. Guardian ma a 2009, lokacin badaƙalar kuɗaɗen da 'yan majalisar Birtaniya ke karɓa, ta zuba takardu sama da shafi 450,000 a intanet ta ce masu karatu su taya ta dubawa. Cikin sa'o'i 80 na farko an duba wajen 170,000. Babu ɗakin labaran da zai iya wannan shi kaɗai. Mutanen da ake cewa ba su iya komai ba sai zagi, da aka ba su aiki sun yi.

Shi ya sa nake baƙin ciki da masu cewa "mun koma dandalin sada zumunta, a can ake hira yanzu". A can ba kai ke tsara abin da zai hau sama ba. Manhajar kamfanin ce, ita kuma abin da ya fi jawo martani take ɗagawa, wanda sau da yawa shi ne mafi zafi. Ba ka san masu karatunka ba, kamfanin ne ya san su. Ranar da ya canza tsarinsa, jama'ar da ka yi shekaru kana tarawa sai ka neme su ka rasa.

Mai Karatu:
Baba, na yarda da rabin maganarka. In za a bar alamar gogewa, a ba ni inda zan kai ƙara, wakili kuma ya riƙa amsawa, zan zauna. Amma har yanzu ina ganin ƙaramar jarida za ta fake da "ba mu da ma'aikata" ta rufe tsokaci a duk labarin da ya taɓa masu mulki, ta buɗe a na ƙwallo.

Tsohon Edita:
Za ta iya, kuma in ta yi ku faɗa mata a fuskarta. Maganinsa shi ne ita ma ta bayyana tun farko irin labaran da ba ta buɗewa da dalili, don a riƙe ta da maganarta. Labarin siyasa da na kasafin kuɗi ba sa cikinsu.

Ɗalibar Jarida:
To waɗanne ne ke ciki, Anti? Ina so in rubuta.

Mai Tace Tsokaci:
Shari'ar da ke gaban kotu, musamman ta laifi, domin tsokaci guda zai iya yanke wa mutum hukunci kafin alƙali, ko ya tona sunan shaida. Labarin fyaɗe da duk wanda ya shafi yara. Labarin wanda ya kashe kansa, saboda iyalansa suna karantawa, masu rauni ma suna karantawa. Sai harin da ake cikinsa ba a tabbatar da wanda ya kai ba, musamman inda ake zaman ɗar-ɗar tsakanin al'ummomi. A nan ne jita-jita ke rikiɗa ta zama sunan ƙabila cikin minti kaɗan. Irin wannan a rubuta a ƙasa cewa an rufe, ga dalili, in ƙura ta lafa a buɗe a kan sharhin da ya biyo baya.

Sauran kuwa, ki ƙirga ma'aikatanki kafin ki ƙirga labaranki. In mutum guda gare ki, labari biyu ko uku a rana sun isa, a lokacin da yake zaune, a rufe bayan kwana biyu ko uku. Ki sa wanda ya rubuta labarin ya shigo na rabin sa'a ya amsa tambaya, ki kuma ɗaga tsokaci mafi amfani ya hau sama da alamar zaɓin edita, yadda New York Times ke yi. In dare ya yi babu mai dubawa, sabon tsokaci ya jira a layi har safiya.